Rauta Uku a Ɗakin Baƙina

Kusan kowane mako sai wani saurayi ya leƙo shagona a Hasahisa, waya a hannu, ya ce, "Ammu Sa'idu, zan zauna imtihan, jarrabawar shabaka, wace rauta zan saya in koya a gida?" Kafin in buɗe baki ya riga ya nuna mini hoton wata farar na'ura mai ƙaho huɗu, ya ce ai abin ba wuya, jonawa ne kawai a ga fitila ta kama. Nakan ce ya ja kujera. Yawancinsu ba sa zama, sauri suke yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta a wayar tasa.

Ni ba da shabaka na fara ba. Ɗan wayar tarho ne ni a wani kamfanin auduga, kayan aikina tsani ne da filaya da ƙaramin tarho na gwaji a rataye a ƙugu. Na haura arba'in ina wannan aikin, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Sai aka kawo sabon mudir, wato shugaban kamfanin, ya tara mu ya ce za a kwashe tsofaffin wayoyi, komai zai koma kan shabaka, wato hanyar da kwamfutoci ke magana da juna, rauta kuwa ita ce na'urar da ke kai musu saƙo. Duk wanda bai kawo shahada, wato takardar shaidar wannan aikin ba nan da wata biyar, ya nemi wani wuri. Ni kuwa wani wurin da nake da shi guda ɗaya ne, hawashar kawuna Haruna a ƙauye, gonar da na gudo mata tun ina saurayi saboda bayana ba ya son fartanya.

Wanda ya riƙe hannuna shi ne Bashmuhandis Awad, injiniyan kamfanin, Balarabe mai gajen haƙuri da tsawon alheri. Ya ce littafi kaɗai ba zai fisshe ni ba. "Ya zol, ka haɗa naka a gida. Rauta uku, suwic ɗaya ko biyu. Ka gina, ka rushe, ka sake ginawa, har yatsunka su riga kanka sani."

Kuskuren farko da na yi shi ne irin naku. Na haye gada zuwa kasuwar Rufa'a, na sayo fara mai ƙaho huɗu, sabuwa fil a kwali, na kai masa ofis ina murmushi. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ce, "Ina bakin da za ka yi mata magana?" Na ce wane baki. Ya buɗe durowa ya zaro wata waya mai faɗi kamar tsimman ɗaure kaya, ya ce rautar koyo tana da ramin wannan wayar. Ka jona ta da kwamfuta, baƙin allo ya fito, ka rubuta mata umarni da hannunka, ta yi ko ta ƙi. Wannan farar kuwa an yi ta ne don mutumin da ba ya son sanin komai, ya danna nan ya danna can ya koma kan shayinsa. Darasin farko ke nan, ku riƙe shi: wadda ba ta da ramin nan, ko ƙahonta goma ne, ba za ta koya muku abin da za a tambaye ku ba.

Awad ya kira wani mai sayar da tsofaffin kayan ofis a Khartum, aka ware mini guda uku. Ya zamana Kawu Haruna zai je can ganin likitan ido, sai na ce ya karɓo mini. A nan na yi kuskure na biyu. Kawu tsohon gafir ne, shekara da shekaru shi ke buɗe ƙofar ruwa yana rufewa a tur'a, magudanar ban ruwan ƙauyenmu, kuma duk injin ban ruwa da aka taɓa saya a dangi shi ake turawa ya zaɓo. Yadda yake zaɓe kuwa sananne ne, ya ɗaga ya ji nauyi.

Kwana uku sai ga shi a bayan boksi, motar a-kori-kura, ƙarti huɗu suna nishi suna sauke wani baƙin akwati.

"Mutumin nan ya so shi cuce ka," in ji Kawu yana kaɗe riga. "Ya miƙo min wasu faifai ukku, na ɗaga su da hannu guda. Na ce mai, ya zol, wanga ai gwangwani na. Na zagaya shagon da kaina, na ɗaga komi, wanga kaɗai yaƙ ƙi tashi. Na ce shi nika so."

Abin da ya kawo akwatin batura ne, irin wanda ke riƙe wa ofis wuta idan an ɗauke, baturan kuma sun mutu tun kafin a haifi autana. Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, ga jama'a tsaye. Na ce Allah ya saka da alheri, ya ce ba komai, ai aikinsa ne. Akwatin ya ƙare a gindin bishiyar ƙofar masallaci, dattawa na ɗora masa tiren jabana, gahawar da suke sha. Mako biyu suka tafi a banza.

Sai na je da ƙafata. Ga yadda ake zaɓe, tunda abin da kuka zo ji ke nan. Kada ka sayi wadda ba a kunna a gabanka ba, ko mai shagon ya rantse da kabarin kakansa. Ka tafi da kwamfutarka da wayar nan mai faɗi. A kunna, ka sa kunne ka ji fankarta, idan tana kukan tsakuwa ka ajiye ta. Ka tsaya har ta gama tashi, ka karanta yawan ƙwaƙwalwarta da shekarun manhajar da ke cikinta, ka gwada da takardar abin da imtihan ya ƙunsa. Ka ƙirga ramukanta, kowace a samu aƙalla biyu masu aiki, ka soka waya a kowanne ka ga ya kama. Ka duba ko tsohon mai ita ya bar mata kalmar sirri. Ɗaya daga cikin nawa haka na same ta a kulle, na yini ina lallashinta. Kada girma ya ruɗe ka, manyan nan na banki cin wuta gare su da ruri kamar injin niƙa. Ka haɗa da munazzim mai daidaita wuta, domin wutar ƙauyukanmu ba ta da alƙawari.

Samari kan tambaye ni don me sai uku. Ɗaya ba ta da abokin magana. Biyu sai dai su gaisa, hanya ɗaya ce tsakaninsu. Sai an kai uku ake samun zaɓi, saƙo ya bi ta nan ko ta can, idan nan ta yanke ya kewaya. Zaɓen hanyar nan kuwa shi ne sana'ar gaba ɗaya. Na san yanzu akwai na cikin kwamfuta da ake zanawa a allo, ku yi amfani da su, ban hana ba. Amma na allo ba ya da waya mai sako-sako, ba ya da ƙura, ba ya da maƙwabta.

Maƙwabtan su ne kuskure na uku. Matata ta ce ba za a sa mata masu huci a ɗaki ba, sai na jera su a daiwan, ɗakin baƙi da ke bakin hanya. Kun san daiwan a wurinmu ba a rufe shi. Duk wanda ya ga dama ya shigo, ya sha ruwa, ya miƙe a kan angareb, gadon igiya. Ranar farko mutum biyu suka ga fitilu na ƙyaftawa. Rana ta uku bayan la'asar na fito na tarar da jikin katangata cike da mutane a tsugune, kowa ya ɗaga waya sama yana juyawa.

"Sa'idu, mi ac kalmar sirrin?"

Na ce babu. Na ce waɗannan ba su haɗe da komai a duniya, junansu kawai suke wa magana, na koyo ne. Aka bi ni da irin kallon da ake yi wa mutumin da ya ce ba shi da goro alhali ana ganin kumatunsa. Wani ya ce, "Gidan likita rauta guda gare su, ta isa har bakin titi. Kai ukku gare ka, ka ce ba shabaka?"

Cikin mako guda sunana ya ɓaci. Aka ce aikin kamfani ya sa Sa'idu ya koyi rowa. Na zo wurin fatur, kalacin hantsi inda maza ke haɗa tire, ba wanda ya matsa mini. Aka gaya wa matata magana a gidan suna, ta dawo ta juye mini ita da zafinta. Abin ya dame ni ƙwarai, domin a garinmu gara a ce maka matalauci da a ce maka marowaci.

Ranar Juma'a dattawa suka zauna a kaina, Kawu Haruna a tsakiya, kofin jabanarsa a kan akwatin baturan. Na sake yin bayani tun daga farko. Kawu ya saurara har na gama, sannan ya gyara zama.

"Ruwan da munka sha tun kakanni daga madatsar Makwar shika tahowa," ya ce. "Ba wanda yat taɓa cewa nashi na don ya biyo ta bakin hawashatai. Rabo akai. Yau wanga, gobe wancan. Shabaka ma haka za a yi. Unguwar masallaci kwana guda, unguwar injin niƙa kwana guda, bakin tur'a kwana guda. Khalas."

Aka shafa fatiha kafin in sake buɗe baki.

Ba ni da yadda zan yi. Na ciro farar nan mai ƙaho daga ƙarƙashin gado, aka yi karo-karo aka sa mata sim, na jona ta da rautata ta farko, na ja wayoyi ta kan katangu zuwa unguwannin uku. Na rubuta wa injinan umarni su buɗe wa kowace unguwa a ranarta. Gaskiya na koyi wasu abubuwa a wannan aikin, kuma aka dawo ana matsa mini a tire. Amma na rasa abin da na sayi injinan dominsa. Awad ya ce in gina in rushe, ga shi ginin ya zama na gari.

Wata safiya na yi ƙarfin hali na share rautar tsakiya, da nufin in sake gina ta daga tushe in ga ko zan iya ba tare da littafi ba. Ban kai layi na huɗu ba sai ga Inna Kulu, tsohuwar da ke bayan gidanmu, ta shigo da sandarta ko sallama babu. Ɗanta na Jidda, ranar unguwarsu ce.

"Sa'idu! Jikana shina tsakiyar yi min dariya ka yanke shi!"

"Inna, minti goma kawai..."

"Minti goma gidanku! Ni na yi ma uwarka wankan jego. Maido min shi inda yat tsaya!"

Ta tsaya a kaina, kan sandar na taɓa kafaɗata, har na mayar da komai yadda yake. Bayanta mai injin niƙa ya zo, bayansa ɗaliban makaranta. Tun daga ranar na koma kallon injinana kamar kayan aro. Ina karanta littafi, ina share musu ƙura, ba na taɓa komai.

Haka na je Khartum na zauna imtihan. Tambayoyin baki na amsa su daidai gwargwado. Da aka zo inda ake ba ka shabaka ɓatacciya a ce ka gano ciwonta ka gyara kafin lokaci ya cika, sai yatsuna suka tsaya cak. Ban taɓa ɓata komai ba balle in san yadda ɓarna take kama. Na faɗi. A mota ina dawowa, duk gonar da muka wuce sai in ji bayana ya amsa.

Awad ya shiga wurin mudir ya yi ta faɗa da Larabci har aka ƙara mini lokaci zuwa ƙarshen tsinkar auduga. Ya fito ya nuna ni da yatsa ya ce daga wannan ba wani.

Ban gaya wa kowa a ƙauye ba sai Kawu. Na same shi a bakin tur'a, an rufe ruwa, babbar motar haƙa na kwashe laka tana zubarwa a gefe. Yana tsaye yana ba direban umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

Na ce, "Kawu, don me aka rufe wa mutane ruwa?"

Ya dube ni kamar na zauce. "Ana yashe ta mana. In ba a rufe an yashe ba, baɗi wa zai ga ruwa?"

Na ce to ni an hana ni yashe tawa. Na gaya masa na faɗi, na gaya masa dalili, na gaya masa idan na sake faɗuwa zai same ni a hawasharsa da fartanya. Ban san wanne ya fi tsorata shi ba, rasa aikina ko samuna a gonarsa, don ya san irin noman da nake yi. Sai ya ce, "Kai kuma sai ka yi ta yi muna turancin injiniyoyi. Da ka ce yasa, wa zai musa ma?"

Washegari da hantsi na tarar da shi zaune a ƙofar daiwan, sanda a kan cinya. Ya sa an yi shela cewa daga fitowar rana zuwa azahar shabaka a rufe take, ana yasa. Wanda ya taɓa ganin Kawu a ƙofar ruwa ya san ba a roƙonsa. Inna Kulu ta zo, suka yi ta cacar baki irin ta waɗanda suka yi wasan ƙasa tare, ta koma. Liman ya zo da kansa yana son ya aika saƙo ɗaya tak, Kawu ya tashi ya gaishe shi da ladabi, ya raka shi har bakin hanya.

Saura abu guda. Awad ya ce ɓarnar da ka yi da hannunka ba ta koya maka sosai, tunda ka san inda ka ɓata. Sai a sami wani ya ɓata ba ka nan. Ya rubuta mini miyagun umarni a ƙananan takardu, ya ce in ba wani ya riƙa shigarwa. Na rasa wa zan ba, sai Kawu ya leƙo ya ce, "Ɓatawa kawai? Kawo."

Na yi aiki da mutane da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin mai ɓarna irin Kawu Haruna ba. Sai in fita in zagaya bayan gida, shi kuma ya zauna gaban kwamfuta da tabaransa sabo, yana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. Haruffan yakan kwafa daidai. Lambobin ne ba ya yarda da su. Idan lambar Awad ba ta yi masa ba sai ya sa lambar hawasharsa, ko shekarunsa, ko yawan jikokinsa. Ya gama ya tashi ya sauya wa wayoyi ramuka. Wata rana ya zare waya kaɗan yadda ido ba zai gani ba. Wata rana bai taɓa komai ba sam, ya zauna yana kallona ina gumi ina neman ciwon da babu, sai da na kusa awa ya fashe da dariya har tabaran ya faɗi. Kuma duk abin da ya ɓata dole in gyara kafin kiran azahar, don yana ji ladan ya ɗaga murya zai buɗe ƙofa, ga jama'a a layi, Inna Kulu a gaba.

Makon farko sau uku azahar na kama ni. Mako na uku na fara gane ɓarna tun daga yadda fitilu ke ƙyaftawa. Na koyi bin abu daki-daki, waya tukuna, sannan rami, sannan lamba, sannan hanya, ba tsalle. Zuwa mako na shida Kawu ya fara ƙorafi cewa na daina ba shi nishaɗi.

Da na koma Khartum, aka kawo sashen nan da ya kayar da ni. Na duba ɓarnar da suka shirya, wallahi sai ta ba ni tausayi. Ɓarna ce mai tarbiyya, ta mutanen da suka yi makaranta, kowace a inda hankali zai kai. Na gama da sauran lokaci, na zauna ina kallon wani matashi a gefena yana cizon yatsa. Na ci. Na fito waje na rasa abin yi da kaina, sai na sayi shayi kofi biyu na shanye duka.

Takardar ta iso bayan 'yan makonni, mai kauri, da hatimi mai ƙyalli a ƙasa. Kafin in kai wa mudir na biya da ita gidan Kawu. Ya goge hannuwansa a riga, ya karɓa, ya sa tabarau, ya bi ta daga sama har ƙasa a hankali, shi da ba ya karanta boko.

"Wanga sunanka na?"

"Shi ne, Kawu."

"To ina anka rubuta nawa?"

Na ɗauka wasa yake yi. Na dubi fuskarsa, ba wasa a ciki. Sai na ɗora yatsa a kan hatimin nan mai ƙyalli na ce, "Ga shi nan. Na manya ba a rubuta shi da tawada."

Ya shafa hatimin da babban yatsa, ya gyaɗa kai. "Sun san ya kamata," ya ce. Ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfensa, ya shimfiɗa ta a kan takardun hawasha, ya rufe, ya mayar da makullin wuyansa.

Na ce, "Kawu, gobe mudir ke son ganinta."

Ya ce, "Shi zo shi gani."